Safiyar Asabar ta Yara a Talabijin ɗin Amurka, 1955–2014: 'Yan Kasuwa, Iyaye da Doka

Tsakure

Kusan shekara sittin manyan kafofin talabijin na Amurka suka yi suna ware wa yara safiyar Asabar, tun daga shirin Mighty Mouse Playhouse na 1955 har zuwa rufe zangon Vortexx a 2014. Maƙalar nan ta bi tarihin wannan zango ta fuskar masu talla da suka gina shi, da iyayen da suka yi ta ja-in-ja da su, da hukumomin da suka shiga tsakani. Hujjarta ita ce tara yara wuri guda a lokaci guda shi ya ba zangon daraja a idon 'yan kasuwa, kuma shi ɗin dai ya ba iyaye damar ganin abin da ake yi har su kai ƙara. Ta kuma ƙalubalanci ra'ayin da ya yaɗu cewa dokar talabijin na yara ta 1990 ce ta yi ajalinsa.

Gabatarwa

A ranar Asabar 27 ga Satumba, 2014, kafar talabijin ta CW ta nuna zangon katun na Vortexx karo na ƙarshe. Mako guda bayan haka aka maye gurbinsa da shirye-shiryen dabbobi da tafiye-tafiye na kamfanin Litton. Vortexx shi ne zango na ƙarshe a manyan kafofin ƙasar da ke nuna katun na nishaɗi zalla, ba tare da an liƙa masa tambarin ilimi ba. Tun daga lokacin ake ta maimaita bayani guda: gwamnati ce ta ɗora wa tashoshi dokar ilimantarwa, dokar kuwa ta kori katun. Ina ganin wannan bayani ya yi gaggawa, kuma yana ɓoye darasin da ya fi muhimmanci ga mai nazarin kafofin yaɗa labarai.

Batun bai yi mana nisa ba, domin katun da dama da tashoshinmu suka sayo suka nuna wa yaranmu, irin su Scooby-Doo, a wannan zango aka haife su, kuma siffarsu ta biyo buƙatun kasuwar da ta haife su.

Yadda lokacin da ba mai so ya zama na zinariya

A farkon shekarun 1950, shirye-shiryen yara a Amurka da yamma ake nuna su a ranakun aiki. Howdy Doody na kafar NBC, wanda ya fara a 1947, sai a 1956 ya koma safiyar Asabar. Dalilin wannan ƙaura na kuɗi ne. Da talabijin ta shiga yawancin gidaje, lokutan yamma da na dare suka yi tsada, masu tallan motoci da sabulu da taba suka fi kowa iya biya. Safiyar Asabar kuwa babu mai rububinta: manya na barcin huce gajiyar mako, makarantu a rufe, coci sai Lahadi. Yara kaɗai ne a farke gaban akwatin.

Wannan ya nuna cewa zangon ɗan tsarin mako ne na al'ummar da ta samar da shi. A garuruwanmu na Arewa, inda safiyar Asabar lokacin Islamiyya ne ga yara da yawa, makarantar allo kuma Alhamis da Juma'a take hutu, irin wannan sarari bai taɓa samuwa da faɗi haka ba.

Abu biyu suka faru a 1955 da suka buɗe hanya. Kamfanin kayan wasa na Mattel ya zuba dala 500,000 don ɗaukar nauyin talla na shekara guda a shirin Mickey Mouse Club na ABC. Kafin nan, masu kayan wasa ba su cika talla ba sai dab da Kirsimeti, kuma iyaye suke yi wa magana. Mattel ya tabbatar cewa ana iya yi wa yaron kansa magana duk shekara, shi kuma ya je ya matsa wa iyayensa. A shekarar kuma CBS ta sayi kamfanin Terrytoons da tarin tsofaffin katun ɗinsa na silima a kan dala miliyan 3.5, ta fara nuna Mighty Mouse Playhouse a watan Disamba. Shirin ya yi sama da shekara goma a safiyar Asabar, mafi yawansa kayan da aka riga aka biya kuɗin zanawa tun da daɗewa.

Tsofaffin katun na silima ba za su ishi tashoshi uku ba, sabon zane kuwa tsada gare shi. William Hanna da Joseph Barbera, masu Tom and Jerry, su suka warware wannan matsala bayan kamfanin MGM ya rufe sashen zanensa a 1957. Katun na silima na minti bakwai yakan ci dala dubu gomomi. Su kuwa abin da aka ba su don kowane yanki na minti biyar na The Ruff and Reddy Show bai kai dala 3,000 ba. Sai suka rage motsi. Jikin dabba ya tsaya cak, baki da ido kawai ke motsawa. Bangon baya guda ake ta juyawa yayin da ake gudu. Murya da kiɗa suka ɗauki nauyin da zane ya saba ɗauka. Masana zane sun daɗe suna raina wannan salo, amma in ba don shi ba da zangon bai samu ba. A kan yi kashi goma sha uku zuwa goma sha bakwai a shekara, a yi ta maimaita su, domin masu tashoshi sun lura cewa yaro ba ya gajiya da abin da ya riga ya gani, kuma kowace shekara sababbin yara na tasowa. The Jetsons kashi 24 kacal aka yi masa a 1962 da 1963, amma ya shafe shekaru yana zagayawa tsakanin kafofin uku a safiyar Asabar.

Wanda ya haɗa waɗannan guntaye ya mai da su zango na gaske shi ne Fred Silverman, matashin shugaban shirye-shiryen rana na CBS. A 1966 ya jera sababbin katun na jarumai masu ƙarfin ban mamaki, ciki har da Space Ghost da The New Adventures of Superman, ya tallata safiyar gaba ɗaya a matsayin abu guda. ABC da NBC suka bi sahu. Daga nan safiyar Asabar ta zama tamkar kasuwar ƙauye mai ci mako-mako: kowa ya san ranar, kowa ya san wurin, mai saye da mai sayarwa ba sa buƙatar a kira su. Kamfanonin hatsin karin kumallo mai sukari, Kellogg's da General Mills da General Foods, da masu alewa da kayan wasa, su ne manyan masu rumfa. General Foods ma har shiri guda ya ɗauki nauyi a 1964, Linus the Lionhearted, wanda taurarinsa su ne dabbobin da ke jikin kwalayen hatsin kamfanin.

Matan Newton da hukumar lasisi

A nan tarihin ya fi armashi, domin a nan ne mutanen da ba su da tasha ba su da kamfani suka shigo. A 1968 Peggy Charren da wasu iyaye mata a garin Newton na jihar Massachusetts suka kafa ƙungiyar Action for Children's Television, wadda aka fi sani da ACT. Shekarar ce aka kashe Martin Luther King da Robert Kennedy, hankalin ƙasar kuma ya koma kan tashin hankalin da ake nunawa a talabijin. Kafofin ba su jira doka ba, suka janye yawancin jaruman naushi da harbi. A gurbinsu aka samu The Archie Show a 1968, sai Scooby-Doo, Where Are You! a ranar 13 ga Satumba, 1969: matasa huɗu da kare, ana tsoro ana gudu, ba a dukan kowa, a ƙarshe kuma fatalwar takan zama mutum ne ya sa abin rufe fuska. Duk wanda ya lura da wannan tsari na shirin, zai ga amsa ce ga koken iyaye na 1968.

Charren ba mai neman a hana shiri ba ce. Ta tsaya kai da fata cewa ba ta goyon bayan tace shirye-shirye. Damuwarta talla ce da ƙarancin zaɓi. Makaminta kuwa lasisi ne. A dokar Amurka, iskar da tashoshi ke watsa shiri ta cikinta mallakar jama'a ce, tasha aro aka ba ta bisa sharaɗin yi wa jama'a hidima, Hukumar Sadarwa ta Tarayya, wato FCC, ita ke sabunta aron. Saboda haka ACT ta zauna ta ƙirga mintunan talla, ta rubuta abin da ake sayarwa da yadda ake sayar da shi. A lokacin ƙa'idar ƙungiyar masu tashoshi ta yarda da talla har minti 16 a awa guda na shirin yara, abin da ya zarce na lokacin kallon manya da dare nesa ba kusa ba. A 1970 ACT ta shigar da koke gaban FCC tana neman a hana talla a shirin yara baki ɗaya, a kuma wajabta wa kowace tasha awa 14 na shirin yara a mako. Sama da wasiƙu 100,000 hukumar ta karɓa a kan batun.

Ba su samu duk abin da suka nema ba, amma abin da suka samu ba kaɗan ba ne. A 1972 manyan kamfanonin magani suka daina tallata wa yara ƙwayoyin bitamin masu kama da alewa. Masu tashoshi suka rage talla zuwa minti 12, daga baya zuwa tara da rabi a ƙarshen mako. Sanarwar manufa ta FCC ta 1974 ta hana mai gabatar da shiri ko tauraron katun ya tallata kaya a cikin shirinsa, ta kuma buƙaci a sa alama mai raba shiri da talla, bisa hujjar cewa ƙaramin yaro ba ya bambanta su. A wannan yanayi ne CBS ta fara In the News a 1971, gajerun labaran duniya don yara, ABC kuma ta fara Schoolhouse Rock! a 1973, waƙoƙin minti uku masu koyar da lissafi da nahawu da yadda ƙudiri ke zama doka. A ganina waɗannan guntaye na cikin mafi ingancin abin da zangon ya samar, kuma matsin lamba ne ya buɗe musu wuri, ba kyautayin masu tasha ba.

Iyakar wannan nasara ta bayyana a 1978. Hukumar kula da cinikayya ta FTC, ƙarƙashin Michael Pertschuk, ta fara duba yiwuwar hana talla ga yaran da ba su kai fahimtar manufar talla ba, da taƙaita tallan kayan zaƙi. Kamfanonin abinci da na kayan wasa da tashoshi suka haɗa kai, Majalisa ta mara musu baya. Dokar 1980 ta karɓe wa hukumar ikon kafa irin wannan ƙa'ida bisa hujjar rashin adalci, a 1981 aka rufe fayil ɗin.

Shekarun sakin mara

Mark Fowler, wanda Shugaba Reagan ya naɗa ya jagoranci FCC a 1981, ya ɗauki talabijin a matsayin kayan lantarki kamar kowane, har ya kwatanta ta da na'urar gasa burodi mai hoto. A 1984 hukumarsa ta soke ƙa'idojin yawan talla. A 1969 hukumar ta taɓa kallon katun ɗin Hot Wheels a matsayin tallan motocin wasa na Mattel mai tsawon rabin awa. A zamanin Fowler kuwa irin wannan shiri ya zama halal. He-Man and the Masters of the Universe na 1983, da Transformers na 1984, da G.I. Joe, duk kayan wasa ne aka fara ƙerawa, sannan aka rubuta musu labari.

Abin da ake yawan mantawa shi ne waɗannan shirye-shirye ba a safiyar Asabar ta manyan kafofi suka fito ba. Kai tsaye aka sayar da su ga tashoshin gari-gari, He-Man ma kashi 65 a zubi guda, don a nuna shi kullum bayan tashi daga makaranta. Wato tun shekara bakwai kafin dokar 1990, yaron Amurka ya fara samun sabon katun kwana biyar a mako. Disney ta biyo da DuckTales a 1987. Bidiyon kaset ya shiga gidaje, na'urar wasa ta Nintendo ta iso a 1985. Zangon bai rasa ƙarfi nan take ba. The Smurfs na NBC tun 1981 da Muppet Babies na CBS tun 1984 sun tara jama'a ƙwarai. Amma keɓancewar ranar, wadda ita ce jarinsa, ta fara zubewa.

Dokar 1990 da abin da ta yi da wanda ba ta yi ba

Reagan ya ƙi sa hannu a ƙudirin talabijin na yara a 1988. Wanda ya biyo baya ya zama doka a Oktoba 1990 ba tare da sa hannun Shugaba Bush ba. Ya iyakance talla a shirin 'yan shekara 12 zuwa ƙasa: minti goma da rabi a awa a ƙarshen mako, minti 12 a ranakun aiki. Ya kuma ce za a duba hidimar ilimi da tasha ta yi wa yara a lokacin sabunta lasisi. Da yake bai faɗi adadi ba, wasu tashoshi suka rubuta The Jetsons da G.I. Joe a takardunsu a matsayin shirin ilimi. Sai a 1996, ƙarƙashin Reed Hundt, FCC ta kafa awa uku a mako, tsakanin ƙarfe 7 na safe da 10 na dare, ƙa'idar ta fara aiki a 1997.

Da dokar ce ta kashe zangon, da shekarun 1990 sun zama na fari. Akasin haka aka gani. Fox Kids, wanda Margaret Loesch ta jagoranta, ya fara a Satumba 1990, ya kawo Batman da X-Men a 1992, da Power Rangers a 1993. Kids' WB ya fara a 1995, ya ɗauki Pokémon a 1999 ya haye saman kowa. ABC, bayan Disney ta saye ta, ta buɗe One Saturday Morning a 1997, ta nuna cewa shiri irin Recess na iya cika sharaɗin ilimi kuma yara su so shi. NBC kuwa, wadda ta fara ficewa daga katun, a 1992 ta fice, shekara biyar kafin ƙa'idar awa uku, kuma lissafi ne ya fitar da ita: shirin labarai na Today na ranar Asabar da wasan matasa irin Saved by the Bell sun fi arha, masu kallonsu kuma sun fi tsada a wurin masu talla.

Abin da ya ci zangon a hankali shi ne tashoshin kebul. Nickelodeon ta fara a 1979, ta soma nata katun a 1991 da Rugrats da Doug. Cartoon Network ta buɗe a ranar 1 ga Oktoba, 1992, katun dare da rana. Kuma kamfanonin da suka mallaki manyan kafofin su ne suka zama masu tashoshin kebul ɗin: a lokacin Disney na da ABC da Disney Channel, Time Warner na da WB da Cartoon Network, Viacom ta haɗa CBS da Nickelodeon a 2000. Ba su da dalilin kashe kuɗi a awa huɗu na Asabar alhali suna da tasha ta awa 24 da ke karɓar kuɗin talla da na biyan wata.

Birtaniya ta ba mu ma'auni mai kyau. Can babu dokar 1990, BBC kuma ba ta talla. Duk da haka al'adar safiyar Asabar da Tiswas na 1974 da Multi-Coloured Swap Shop na 1976 suka kafa ta bi hanya ɗaya: Live & Kicking ya ƙare a 2001, tashar CBBC ta yara zalla ta buɗe a 2002, SMTV Live kuma ya ƙare a 2003. Cuta ɗaya a ƙasa biyu masu doka daban-daban ba za a ɗora wa dokar ƙasa ɗaya ba.

Ba na wanke dokar gaba ɗaya. Tana da ɓaraka biyu da suka tsara yadda ƙarshen ya kasance. Wajibcin ilimi a kan tashoshin iska kaɗai ya hau, bai shafi na kebul ba, ga shi yaran can suka koma. Ta biyun ta fi illa: iyakar talla ta tsaya a 'yan shekara 12, wajibcin ilimi kuwa ya kai har 'yan 16. Don haka tasha na iya cewa shirinta na 'yan 13 zuwa 16 ne, ta cika awa ukunta, ta kuma kuɓuta daga iyakar talla. A kan wannan ɓaraka Litton ya gina kasuwarsa. Ya karɓi safiyar ABC a 2011, ta CBS a 2013, ta CW a 2014, ta NBC a 2016, da shirye-shirye masu arha waɗanda yawancin masu kallonsu manya ne. Fox kuwa wata hanya ta bi: ta ba kamfanin 4Kids hayar safiyar daga 2002, da hayar ta ƙare a ƙarshen 2008 ta cika wurin da dogayen tallace-tallace.

Abin da ya tafi tare da jadawalin

Yaron Amurka na yau ba katun ya rasa ba; yana da fiye da abin da kakansa ya taɓa mafarki. Wanda ya yi rashi shi ne mai sa ido. Aikin ACT ya yiwu ne saboda abu uku: akwai jadawali da aka buga a jarida, akwai kafofi uku da kowane yaro ke kallo, akwai lasisi da ake iya ƙalubalanta a gaban hukuma. Uwa a Newton da uwa a Chicago talla ɗaya suka gani, don haka shaidar ɗaya ta ƙarfafa ta ɗaya, har wasiƙu suka kai 100,000. A YouTube, wanda ya fara a 2005, abin da na'ura ta zaɓa wa wannan yaro ba shi ta zaɓa wa maƙwabcinsa ba, babu lasisin watsawa da za a riƙe, kuma bidiyon buɗe kwalin kayan wasa ya shafe layin da sanarwar 1974 ta ja tsakanin shiri da talla.

Charren ta rufe ACT a 1992, tana ganin dokar ta ba al'umma makamin da za su ci gaba da kansu. Ta rasu a 2015. A 2019 FCC ta sassauta ƙa'idar awa uku, bisa hujjar cewa yara sun bar tashoshin iska. A shekarar kuma Google da YouTube suka amince su biya dala miliyan 170 a ƙarar da FTC da jihar New York suka shigar. Ƙarar a kan tattara bayanan yara ba da izinin iyaye ba ce, ƙarƙashin dokar sirrin yara ta 1998. Yawan talla da irin abin da ake nuna wa yaran, batutuwan da ACT ta yi shekara 24 tana fafutuka a kansu, ba su cikin tuhumar, domin dokar 1990 ba ta kai ga intanet ba.